Wace kalma ce ta mutumin da yake yi wa kansa ƙarya?

Hadiza: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza mini, kwana uku ke nan wata kalma ta shige mini duhu. Muna aji biyu a jami'a malaminmu na adabi ya yi mana bayanin falsafar nan da Larabawa ke kira wujudiyya, wadda ke magana a kan 'yancin ɗan Adam na zaɓar yadda zai rayu. Ya kawo misalin wani ma'aikacin gidan shan kofi a Faris, mai rawar jiki fiye da kima, yana riƙe da faranti kamar inji. Ya ce wannan hali yana da suna, kalmomi biyu na Faransanci. Littafin da na rubuta a ciki ya salwanta lokacin da muka tashi daga gidan haya. Yanzu aikin kammala karatuna a kan wani gajeren labari ne: wani akawu da kullum yake cewa "ni dai abin da aka sa ni nake yi", har ya sa hannu a takardar da ta raba wata bazawara da gonarta. Na san kalmar nan ita ce mabuɗin labarin.

Aminu: Wa alaikumus salam. Ko absurde ce, wato rashin ma'anar rayuwa, ta marubucin nan Albert Camus? A 1942 ya rubuta a kan Sisyphe, wanda aka hukunta ya riƙa tura dutse kan tsauni, yana kaiwa ya gangaro.

Hadiza: Na gode Yaya Aminu, amma wannan na riƙe ta. Tawa ta shafi ƙaryar da mutum ke yi wa zuciyarsa.

Malam Issoufou, Damagaram: 'Yata, mauvaise foi kike nema, ana furta ta kamar "mobez fuwa". Mu nan Nijar falsafa dole ce a ajin ƙarshe na sakandare, wato Terminale, kafin jarrabawar kammalawa da muke kira bak, shi ya sa tun daga batun faranti na gane. Ta masanin falsafa Jean-Paul Sartre ce, a littafinsa L'Être et le Néant na 1943, lokacin Jamusawa na mamaye da Faris.

Ki lura, Sartre bai ga laifin aikin ba. Abin da ya hango shi ne mutumin yana wasan zama ma'aikaci: sunkuyawar nan, saurin nan, muryar nan, duk don ya gamsar da kansa cewa shi ma'aikaci ne kamar yadda tebur yake tebur, ba shi da ta cewa. Alhali kowace safiya shi yake zaɓar ya tashi ya tafi. Ya san haka, yana kuma ɓoye wa kansa sanin.

Kada ki fassara ta da munafunci. Munafuki ya san gaskiya sarai, wani yake yaudara. Nan kuwa mai ƙaryar da wanda ake yi wa ita mutum ɗaya ne, kuma wannan ne ya ɗaure wa Sartre kai har ya ba abin babi guda. Akawunki yana da alƙalami a hannu, yana iya ajiye shi. Ajiyewar za ta iya cin aikinsa, gaskiya ne, amma tsadar zaɓi ba ta mayar da shi rashin zaɓi.

Hadiza: Wallahi ita ce, Malam! Allah ya saka da alheri. To da Hausa me zan rubuta?

Hajiya Binta: Ni "yaudarar kai" zan ce, ki kawo ta Faransancin sau ɗaya a farko. Amma Hadiza ki yi hattara. Sartre bai yarda da Allah ba, a kan haka ya gina maganarsa cewa ɗan Adam shi kaɗai ke ƙera kansa. Mu mun yi imani da ƙaddara. Ki ɗauki kalmar ki auna jarumin labari da ita, ki bayyana inda kika rabu da mai ita.

Malam Issoufou: Hajiya ta yi gaskiya. Sai dai ko a wurin malamanmu, wanda ya zalunci wani ba ya fakewa da ƙaddara ya kuɓuta. Nan ne za ki samu abin tattaunawa mai nauyi. Yaudarar kai ta yi, ko da yake ba ta ɗauko batun gudun 'yanci ba, sai ki ƙara shi a bayani.

Hadiza: Na fahimta, Hajiya. Akwai wurin da akawun ya wanke hannunsa sau biyu bayan ya sa hannu, yana ce wa matarsa tawada ce ta ɓata shi. Daga nan zan fara babin. Malam, idan na gama zan turo maka ka duba mini rubutun Faransancin.