Wane maciji ne wannan muka tarar a ƙarƙashin karan dawa?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ni tashin birni ne, aiki ya kawo ni kudancin Gombe, sai bana na fara noma. Jiya da hantsi muna kwasar karan dawa da muka tara tun bayan girbi, yarona ɗan shekara 9 ya ɗaga dami ɗaya, sai ga maciji a naɗe. Tsawonsa bai wuce kamu guda ba, launinsa ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigon fari a gefen jiki. Bai gudu ba. Lanƙwashewa ya yi yana goga jikinsa da jikinsa, ana jin ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ta wuyan riga na fizgo yaron. Ɗan ƙwadagon da ke tare da mu ya ce ɗan mesa ne, ba ya komai. Maƙwabcina na gona ya ce gobe-da-nisa ce. Har yanzu in na tuna inda hannun yaron nan yake, gabana faɗuwa yake. Don Allah wanne ne? Kuma yaya mutum zai riƙa gane masu dafi a wannan yanki?

Dattijo Mai Garma:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gode wa Allah, maƙwabcinka ne da gaskiya. Kububuwa ce, ita ake wa laƙabi da gobe-da-nisa. Mesa ba ta wannan gugar jikin. Kububuwa ƙarama ce, shi ya sa baƙo ke raina ta, amma a ƙasar Tangale da Waja babu macijin da ya kai ta kwantar da manoma. Kanta ya fi wuyanta faɗi, jelarta gajeriya, fatarta kaushi gare ta, ba ta sheƙi. Da rana tana laɓewa ƙarƙashin dutse, kara, harawa ko tarin itace, da magariba ta fito neman ɓera. Daga yau kada a sa hannu a dami sai an fara juya shi da doguwar sanda. Yara kuma a bar su a bakin gona ranar kwasar kara.

Abu Hanif:
Malam, abin mai sauƙi ne. Ka dubi idonsa. In ƙwayar a tsage take kamar ta kyanwa, mai dafi ne. In a zagaye take, ba shi da komai.

Malamin Kimiyya:
Ɗan'uwa Abu Hanif, ka yi haƙuri, wannan ƙa'idar tana iya jefa mutum cikin halaka. Kumurci da gamsheƙa ƙwayar idonsu a zagaye take, kuma suna kisa. Mesa tata a tsage take, ba ta da dafi ko kaɗan. Sannan wanda ya matsa har ya ga ƙwayar idon maciji ai ya riga ya shiga inda sara zai same shi.

Baban Sadiya, abin da zan ce shi ne ka koyi manyan nan uku daga nesa, ta siffar jiki da halinsu. Kububuwa Dattijo Mai Garma ya riga ya bayyana maka ita, yawanci tsakanin santimita 30 zuwa 60 take.

Kasa kuwa kauri ne da ita kamar damtsen ƙato, tsawonta wajen mita 1, kanta faffaɗa, a bayanta akwai zane mai kama da kan kibiya a jere. Ba ta cika karkace-karkace in tana tafiya ba, miƙe take jan ciki. Matsalarta ba ta kaucewa. Ta dogara da launinta, sai ta yi lamo cikin busassun ganye har ka taka ta. In ta ji motsi kusa takan kumbura ta yi huci mai ƙarfi, kuma duk wannan nauyin jikin nata, saranta kamar walƙiya yake.

Kumurci dogo ne, baƙi ko toka mai duhu, yakan kai mita 2. In an takura shi sai ya ɗaga gaba ya fasa kai, ya feso dafi yana auna ido, daga nisan mita 2 ko fiye. Shi ne mai shiga gida da akurki da dare, bin ɓera da ƙwai da kwaɗi.

Wani abu da ya daɗe yana ba ni sha'awa: akwai maciji mai haɗiye ƙwan tsuntsaye, kusan ba shi da haƙora, amma ya kwaikwayi kububuwa a zane har da gugar jikin nan mai ƙara. Ko masana sai sun duba da kyau. Saboda haka duk wanda ya yi maka wannan ƙarar, ka ɗauke shi kububuwa, ka ja da baya.

Maman Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, zan yi magana ta ɓangarenmu. Yaya, sanin sunan maciji yana da amfani, amma in aka yi sara kada a tsaya farautarsa. In an samu ɗaukar hoto daga nesa, to. In ba a samu ba, a taho. Ko wanda aka kashe kada a taɓa kansa, yana iya cizo bayan ya mutu.

Abin da ke ci mini rai game da kububuwa shi ne yadda take yaudarar mutane. Wurin ya ɗan kumbura, mutum ya ce da sauƙi, ya koma gida. Alhali dafin ya hana jininsa daskarewa. Sai an kwana a ga dasashi na zubar da jini, ko jini a fitsari, ko tsohon miki ya ɓalle. A asibiti jini kaɗan ake ɗiba a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20. In aka karkata ta jinin ya gudana kamar ruwa, an san sai an yi allurar kashe dafi, ko da ba wanda ya ga macijin.

Kada a ɗaure da igiya ko roba, kada a tsaga, kada a tsotsa. Baƙin dutsen da ake mannawa a wurin sara ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum kada ya taka da ƙafarsa. Ban da asfirin da dangoginta, suna ƙara zubar jini. In kumurci ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, kada a murza, sannan a je a duba. Kuna kusa da Kaltungo, can akwai asibitin da aka keɓe don saran maciji. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, amma har gobe mutanenmu sai sun ɓata kwana biyu a gida suke zuwa.

Abu Hanif:
Na karɓi gyara, Malam. Haka na taso ina ji, har na koya wa ƙannena. Yau zan warware musu.

Dattijo Mai Garma:
Ƙari kaɗan, ɗana. Lokacin shuka da lokacin girbi aka fi yin sara. Ka sayi takalmin roba mai tsawo, kada ka fita da dare ba tocila ko da bayan gida za ka. Rumbu da akurki su yi nesa da ɗakin kwana, don inda ɓera yake nan maciji ke zuwa. Masu kwana a ƙasa su sa gidan sauro, su cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

Baban Sadiya:
Allah Ya saka muku da alheri. Na nuna wa yaron hotuna a waya, yana ganin kububuwa ya ce "Baba, ita ce." Sauran dami 14 a gonar. Na sare sanda mai reshe biyu, gobe ni da ɗan ƙwadagon kaɗai za mu je, kuma sai na karanta masa bayanin Maman Ilham kafin mu taɓa ko ɗaya.