Da me kuke gane damina ta kankama a nan Legas?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan ina kula da gonar wani bawan Allah a bayan Epe, mai mangwaro shida da kashu a bakin iyaka. A gida ba sai an gaya mini damina ta ƙarato ba. Shamuwa za ta sauka kan tsamiyar ƙofar gidanmu tana jidar kirare, iska ta juyo daga kudu, sai a fito da iri a fara gyara. Nan ban ga shamuwa ko ɗaya ba. Bara ruwa ɗaya aka yi a ƙarshen Fabrairu, na ce shi ke nan, na shuka masara. Rana ta buɗe mako uku cur, masarar ta tsiro ta ƙone ina ji ina gani. Har yau abin na ci mini rai, don da kuɗina na sayo irin.

Bana na sa ido. Yau muna mako na biyu a Maris. Tofar da aka ƙone a Janairu ta sake toho, har ta fitar da farin furen nan nata mai kama da auduga. Shekaranjiya da asuba na tarar da tururuwa sun yi layi daga bakin rijiya zuwa gindin mangwaro, kowace ɗauke da farin ƙwai, suna hawa tudu. Na tsuguna ina kallonsu har shayina ya huce. Shirwar da ke shawagi kan kajinmu tun hunturu ta ragu, da nakan ƙirga bakwai, yanzu biyu. Kwaɗi kuma sun yi kuka dare ɗaya a fadama, suka yi tsit. Manya, wanne ne abin dogaro a cikin waɗannan?

Baba Mai Lambu, Ojo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na fi shekara ashirin ina noman rani a nan, kuma abin da ya same ka ya same ni. Ruwan Fabrairu na wanke ƙura ne kawai. Tofa kada ta ruɗe ka, saiwarta na can ƙasa, ko ba ruwa in an ƙone ta sai ta fito. Shirwa kuwa ka lura da kyau: rani take yi a kudu, in damina ta matso sai ta yi arewa. Ni abin da nake jira shi ne shinge. Daren da ya fito ya rufe fitila bayan ruwa, kwaɗi suka kwana uku a jere suna kuka, dodon koɗi ya fara yawo a gindin ayaba, to ƙasa ta sha. Duk da haka sai na haƙa rami da fartanya na zura hannu. In danshi bai kai tsawon tafin hannuna ba, iri na nan a buhu. Yawanci ƙarshen Maris ne zuwa Afrilu.

Maman Sadiq, Ketu:
Malam, mu a kasuwar 'ya'yan itace muke ganin namu. Maƙwabtana Yarabawa na cewa agwaluma ba ta zaƙi sai ruwan farko ya taɓa ta. In ta fara ƙaranci, mangwaro ya cika kwanduna har yana araha, to na san lokacin neman leda ta rufe kaya ya yi.

Abu Hafsat:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai: hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ka nemi na Legas. Ka kuma tuna damina biyu ce a nan, ruwa na tsagaitawa a Agusta ya dawo a Satumba, ana iya masara sau biyu.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri, Baba. Da yamman nan na haƙa a wuri uku, danshin bai wuce yatsa biyu ba, ƙarƙashinsa busasshen yashi. Na mayar da irin ɗaki. Zan bar fitilar waje a kunne, daren da shinge ya fito zan zo in shaida muku.