Me "Ade" da "Ogun" ke nufi a farkon sunayen Yarbawa?

Tambaya: Jama'a, sunayen Yarbawa da yawa suna farawa da Ade, Ogun ko Ayan. Mene ne asalinsu?

Amsa ta 1: Malam, gaɓar farko asalin gida take nunawa. Ade kambi ne, na gidan sarauta. Ogun abin bautar maƙera da mafarauta ne, Ayan na makaɗa, Akin kuwa jarumi. Sunan jimla ce guda: Adewale, "kambi ya zo gida". A kula da karin sauti: Ògún abin bauta, ogun yaƙi, ogún ashirin. Kuskuren fassara kan iya zuwa daga nan.

Amsa ta 2: Akwai kuma waɗanda yaro ke zuwa da su, amutorunwa. Taiwo ne farkon tagwaye, amma Kehinde ake ɗauka babba, wai shi ya aiko Taiwo ya ɗanɗano duniya. Mai bi musu Idowu, kamar Gambo a wajenmu. Ige kuwa sunan wanda ya fara fitowa da ƙafa ne wajen haihuwa.

Amsa ta 3: Na 'yan wabi sun fi taɓa zuciya: Malomo, "kada ka sake tafiya", Durojaiye, "tsaya ka ji daɗin duniya".