Raina ruhohin kakanni ne ya hana 'yan mishan samun mabiya a Japan?

Bitrus: Jama'a, tun da ɗan mishan Francis Xavier ya sauka Kagoshima a 1549 bishara ta shiga Japan, amma har yau Kiristoci kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai. A ganina 'yan mishan ne suka raina abin da ke hana mutane barci, wato ruhohin matattu. Dubi Mahikari, sabon addinin da wani mai suna Okada ya kafa a 1959. Suna koyar da cewa yawancin cuta da karayar arziki daga ruhun da ya maƙale wa mutum ne, sai su ɗaga tafin hannu su tsarkake shi. In mutum ya kai kukansa coci aka ce camfi ne, ina zai nufa?

Saratu: Yaya Bitrus, ka tsallake tarihi. An haramta Kiristanci a 1614, ba a janye ba sai 1873. Kowane gida aka tilasta masa rajista a haikalin Buddha, jana'iza ta koma hannunsu. Shi ya sa babban ɗa ke tsoron baftisma, don shi zai gaji wurin tunawa da kakanni na gidan.

Malam Aminu: Ni Musulmi ne, amma ina da tambaya. A Koriya ta Kudu ma akwai masu hawan iska irin 'yan borinmu, kuma Furotesta sun hana miƙa wa kakanni abinci ƙiri-ƙiri. Duk da haka Kiristoci sun haura kashi ɗaya cikin huɗu. To yaya ke nan?

Bitrus: Malam, ai sun hana bauta ne, ba su ce ruhohin babu su ba. Cocin Fasto Yonggi Cho a Seoul da addu'ar warkarwa ya cika. A Japan ma akwai cocin Iesu no Mitama da Murai Jun ya kafa a 1941, suna yin baftisma a madadin kakannin da suka mutu. A Okinawa, inda ake yawan zuwa wajen matan yuta masu duba, ya samu karɓuwa sosai.

Saratu: A nan muka rabu. Wannan ba sauraron mutane ba ne, sauya koyarwa ne. Na fi yarda da bishop-bishop na Katolika a Japan da suka yarda a 1985 Kirista ya ci gaba da girmama mamatansa a gida yana yi musu addu'a. Kuma ko da hakan, yawan Kiristocin bai tashi ba.

Bitrus: Sun makara ne, ƙanwata. Kafin lokacin, sababbin addinai masu girmama kakanni irin su Reiyukai sun riga sun shige gidajen.