Yara 214 a rajista, 90 a aji: wanne zan rubuta a fom?

Hedimastan Ƙauye:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Shekarata huɗu ina riƙe da wata 'yar firamare a wani ƙauye a jihar Jigawa. Mu uku ne malamai har da ni, ɗakunan karatu biyu, 'yan aji biyar da shida kuwa a gindin darbejiya muke zama da su. Fom ɗin ƙidayar makarantu ya zo mini daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, kwana uku ke nan ina juya shi na kasa cikewa.

A rajista ina da yara 214. Amma tun da aka shiga noman farko, ranar da na ƙirga 90 sai na gode wa Allah, ranar kasuwa kuwa ko 60 ba ma kaiwa. Aji ɗaya yara 71 ne, kusan rabi mata. Aji shida 13, mata biyu kacal. Akwai kuma 'ya'yan Fulani 28 daga rugar da ke gabas da mu, da an gama kaka sai su yi kudu da shanu, sai ruwa ya sauka su dawo. Lokacin da suka dawo kuma 'ya'yan manoma sun shige gona. Ban taɓa ganin yaran nan duka a rana ɗaya ba.

In na rubuta 214 zuciyata ba ta kwanta ba. In na rubuta 90 ina tsoron a ɗauke mini malami ɗaya, tunda ƙa'ida malami ɗaya ne ga yara 35. Ku ba ni shawara don Allah.

Tsohon Sufeto:

Wa alaikumus salam, Malam. Fom ɗin masu rajista yake tambaya, ba masu zuwa kullum ba, don haka 90 ba ita ce amsa ba. Amma 214 ɗin ma sai ka tankaɗe ta. Ɗauki rajistar ka bi gida-gida tare da mai unguwa. Wanda aka tura almajiranci, wadda aka aurar, waɗanda suka bar garin, ka cire su ka rubuta dalili a gefen suna.

Wannan matsala ta girme ka. Da aka fara ilimin firamare kyauta a 1976, dagatai aka ɗora wa kawo yara, sai sunaye suka cika littafi, benci ba kowa. Aji ɗayanka ma ina zarginsa. Ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 aji ɗaya zuwa uku ta shafa, kuma na ga inda yayye ke goyo ƙannensu 'yan shekara huɗu a rubuta su saboda abinci. Da tukunya ta daina zuwa, suka daina zuwa. Shekara shida ake shiga aji ɗaya. Wanda ba shi da takardar haihuwa, sa shi ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, yadda aka yi mana.

Malama Uwar Biyu:

Ranka ya daɗe, ni ba fom ɗin ne ya tsaya mini a rai ba, matan nan biyu na aji shida ne. Ina sauran suka tafi? A inda nake koyarwa daga aji huɗu suke fara zubewa: talla da safe, ɗiban ruwa, tsinkar zoɓo da kaka, sai ka ji an kawo kuɗin gaisuwa. Abu biyu zan tambaye ka: kuna da makewayi? Kuna da malama mace? Yarinyar da ta fara girma ba za ta yini a inda babu wurin kewayawa ba, uwarta ma ba za ta bari ba. Mu da muka sa matar liman da ungozomar gari a kwamitin makaranta, yara bakwai suka dawo cikin zango ɗaya, domin su suna shiga har ɗaki, inda kai ba za ka iya shiga ba.

Ɗan Ruga:

Malam, don Allah kada ka goge yaran rugar nan. Ni haka na yi karatu, wata biyar a aji, sauran a bayan shanu. Tun 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, hedikwatarta na Kaduna, amma ba kowace ruga ce ke da makarantarta ba, taka ita ce tasu. Ka je wurin arɗo kafin su tashi, ka ji inda za su sauka, ka ba kowane yaro takarda mai sunansa da ajinsa ya kai makarantar da ke kusa da inda suka sauka. Ni rashin wannan takarda ya sa na maimaita aji uku sau biyu.

Hedimastan Ƙauye:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Sufeto, na yi magana da mai unguwa, ranar Asabar za mu fara zagayen. Malama, makewayi babu, malama mace ma babu, kuma na rubuta wa sakataren ilimi sau biyu a kan haka. Ɗan Ruga, wace irin takarda kake nufi, wadda zan rubuta da hannu in buga hatimin makaranta ta isa, ko sai an sa hannu a ofis?