Neman shawara: in yi dakta a kan mata a ƙagaggun labaran kimiyya, ko in kama aikin koyarwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni 'yar Tawa ce, ina zaune Yamai wajen kawuna, na gama masta a adabi. Burina in yi dakta a kan yadda ake siffanta mace da namiji a ƙagaggun labaran kimiyya da na al'ajabi, irin na duniyar taurari, aljanu da bokanci. Kawu ya ce tatsuniya ba ta cika tukunya, in nemi kwantaragin koyarwa a lise, wato makarantar sakandare. Kuma da ya ji kalmar "jinsi" sai ya ɓata rai, wai aƙidar Turawa zan kwaso. Wanda ya san hanyar nan ya taimaka mini.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kawunki bai yi ƙarya duka ba. Kujerar malamin jami'a kaɗan ce, kuma takardar dakta kaɗai ba ta ɗaga mutum. Ƙarin girma yana bi ta hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, su kuwa maƙalun da kika buga a mujallun ilimi suke dubawa. Ki karɓi kwantaragin, ki yi rajistar daktan a gefe. Za ki wahala, amma ba za ki riƙa roƙon kuɗin taksi ba.

Maman Nafisa: Ni dai ina bayan kawu. Shekara nawa za ki ƙara?

Hajiya Rabi: Maman Nafisa, a ƙa'ida shekara 3 ce bayan masta, ko da yake da yawa suna zarcewa. Ke kuma 'yata, matsalarki taken ne, ya yi faɗi. In kika ce za ki yi a kan Frankenstein na Mary Shelley (1818) ko littafin Ursula Le Guin na 1969 da mutanensa ba su da tsayayyen jinsi, kin shiga layin da 'yan Amurka da Ingila suka cika tun tuni, ga ɗakunan karatunsu ba irin namu ba. Ki karanta su don ki san fagen, sannan ki dawo gida. Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, Abdoulaye Mamani ya mai da ita littafi a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986. Ki tambayi kanki me ya sa mace mai iko ba ta fitowa a labari sai an rataya mata tsafi. Haka gatanar da kakanninmu suka yi mana: Gizo ke da wayo da yawo, Ƙoƙi na gida, kishiyar uwa kullum ita ce muguwa. Sai ki ajiye su kusa da Binti na Nnedi Okorafor (2015), yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta bar gida a ɓoye ta tafi jami'a a wata duniya. Kin ga ma labarinki ne, sai dai ke taksi za ki hau.

Idi: Ƙari a kan na Hajiya, ki nemi ƙagaggen labarin kimiyya Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, da Hausa aka rubuta shi. Ki kuma leƙa cibiyoyin bincike na CELHTO da IRSH nan Yamai, suna ajiye adabin baka da aka naɗa. Amma ki gyara Ingilishinki, yawancin nazarin fannin da shi aka yi.

Malam Sani: Batun kawu kuwa, kada ki sake ce masa "jinsi". Ki ce matsayin mata a gatana da littattafai kike nazari, ai gaskiya ce. Kuma kafin komai ki samu farfesan da zai yarda ya jagorance ki, in babu shi babu rajista.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, kakata na raye a Tawa, ta iya gatana kamar me. In na naɗi muryarta a waya, za a karɓa a matsayin madogara?

Hajiya Rabi: Za a karɓa. Ki nemi izininta, ki rubuta rana da wuri da shekarunta. Ki je da dare, ba za ta yi miki da rana ba.