Zafi ya hana aladuna ci, in rage musu waken soya?

Mai tambaya: Jama'a, barkanmu da warhaka. Ina da aladu 12 a wajen Wusasa, kowanne ya kai kilo 40. Tun shigowar Maris cinsu ya ragu, sai haki da kwanciya. An ce in rage furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abincinsu. A kilo 100 na haɗi ina sa matsattsen waken soya kilo 24. Yaya zan yi?

Amsa ta farko: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe. Alade ba ya gumin kirki, kuma mai wannan girman ya fi sakewa ƙasa da digiri 25, alhali Zariya tana haura 35 a bazara. Furotin ya fi masara da mai wajen tayar da zafi a jiki, rarar kuma fitsari take bi. Amma kada ka zare soya kawai. Cire kilo 6, ka mayar da masara kilo 6, furotin zai sauka da kusan kashi 2. Laisin, wato wani sinadari na cikin furotin da alade ke buƙata don yin tsoka, zai ragu tare da soyan; cike shi da gram 200 na garin laisin na shagon kayan kaji. Fara cakuɗa shi da masara kilo 2 kafin ka juye cikin sauran, in ba haka ba wani ya samu, wani ya rasa. In ba ka sa laisin ba, girma zai tsaya, a yanka a tarar da kitse.

Amsa ta biyu: Ƙari, Malam: in ragin soyan ya wuce haka, sai an nemo tireyonin da metiyonin, su ma sinadaran furotin ne irin laisin. Ƙuli-ƙuli ba zai cike gurbin ba, laisin ɗinsa kaɗan ne. Rage dusa ma, ita ma tana ƙara zafi, ka sa manja kilo 2. Abinci da asuba da bayan faɗuwar rana. Ruwa kada ya yanke, ka yayyafa musu a baya da tsakar rana.

Amsa ta uku: Kada wannan haɗin ya je wa uwa mai shayarwa ko 'ya'yan da aka yaye kwanan nan, don Allah. Lokacin hunturu kuma lissafin ya juya: suna ci sosai, zafin narkewar abinci ɗumi ne gare su, dusa tana iya komawa. Ka auna nauyin aladu uku yau, ka sake aunawa bayan mako biyu.